Matata na so a mayar da sunan babanta Ludwig, Hajiya kuma ta daina ɗaga wayata

Anti salamu alaikum, dan Allah a ɓoye sunana. Ina zaune a Jamus, karatu ya kawo ni daga baya na samu aiki na zauna, na auri Bajamushiya wadda ta musulunta tun kafin aurenmu. Yanzu cikinta wata takwas kuma likita ya ce namiji ne. Babanta ya rasu bara, sunansa Ludwig, ita kaɗai ya haifa, tana ta roƙona har da kuka a mayar da sunansa. Ni kuma tuntuni na yi wa Hajiya alkawarin sunan babanmu marigayi, Abubakar. Da na faɗa a gida sai yayana ya ce ai sunan sarkin da ya yaƙi musulmi ne, tun daga ranar Hajiya ba ta ɗaga wayata. Matata ta ce in Ludwig ya yi nauyi to a sa Louis ko Luis. Waɗannan sun fi sauƙi? Menene ma ma'anar sunan? Wallahi kaina ya kulle.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sauke ta lafiya, ya jiƙan Baba, ita kuma ya ba ta haƙurin rashin nata mahaifin.

Bari in fara cire maka wannan maganar ta Louis ko Luis daga kai, dan ita ce ta fi saurin warwarewa. Duk kanwar ja ce. Louis da Luis da Ludwig suna ɗaya ne, bakin mutane ne kawai ya juya shi, yadda sunan da kake son sawa ya zama Garba a wani gida, Habu a wani, Buba a wajen Fulani, Bukar a Borno, Boubacar a takardun ƴan Nijar da Mali. In wani ya ce maka ba ya son Abubakar amma ya yarda da Garba ai dariya za ka yi. To haka tayin matarka yake, ba wai tana maka wayo ba ne, tana neman mafita ne kamar yadda kake nema, sai dai wannan ƙofar ba ta fita ko'ina.

Asalin sunan na wasu tsoffin Jamusawa ne da ake kira Frank, waɗanda daga sunansu ne ma aka samo sunan ƙasar Faransa. Al'adarsu wajen raɗa suna ita ce a ɗauko kalma biyu a haɗe su, yawanci kalmomin jarumta da ɗaukaka da mulki. A wannan sunan kalma ta farko ita ce hlud, wato shahara, wanda aka ji sunansa ko'ina, ƴar uwar kalmar laut ce ta Jamusancin yau da kake ji kullum in maƙwabta sun ce ka cika ƙarar rediyo. Ta biyu kuma wig, wato yaƙi ko fafatawa. In ka haɗa, Hludwig, wanda ya yi suna a fagen daga. Shikenan ma'anar, babu wani ɓoyayyen abu a ƙasa. Irin wannan ɗinkin za ka gani a Lothar, hlud ne da kalmar runduna, da Hedwig na mata da ya ƙare da wig ɗin nan, da Clotilde.

Abin da ya kamata ka riƙe a nan, dan shi Hajiya za ta fi son ji, shi ne sunan ba daga coci ya fito ba. Sarkin farko da tarihi ya san shi da wannan suna shi ne wanda Faransawa ke kira Clovis, Jamusawa kuma Chlodwig, ya hau mulki a 481 ya mutu a 511, kuma da sunan aka haife shi lokacin yana kan addinin gargajiyar kakanninsa, sai daga baya ne aka yi masa baftisma a birnin Reims, matarsa Clotilde ce ma ta dinga jan ra'ayinsa. Kenan sunan ya riga kiristancin gidan. Kuma ba sunan gunki ba ne. Da a ce surukinka Thorsten yake da sai in ce maka tsaya, dan Thor abin bautarsu ne na da. Da Christian yake ko Christoph da nan ma magana ta canza, dan su aƙida ce a cikinsu ƙarara. Ludwig ba ya cikin ko ɗaya.

Yadda ya rarrabu kuma abin sha'awa ne wallahi. Malaman coci da marubutan fada da Latin suke rubutu, sai suka dinga rubuta shi Chlodovechus, daga baya Ludovicus, wannan h ɗin na farko mai kama da kaki ya faɗi a hanya. Ɗan Charlemagne, wani babban sarkin Frank ɗin nan, da ya gaji babansa a 814 shi ma sunansa kenan, kuma shi Faransawa ke lissafawa a matsayin Louis na ɗaya, Jamusawa kuma su ce Ludwig, mutum ɗaya fa. Akwai ma wata rantsuwa da ƴaƴansa biyu suka yi wa juna a Strasbourg a shekarar 842, aka rubuta ta da harshe biyu saboda sojojin kowane ɓangare su fahimta, a ɓangaren da ya zama kakan Faransanci an rubuta sunan Lodhuwigs, a na tsohon Jamusanci kuma Ludhuwig. A takarda ɗaya kana kallon inda hanya ta fara rabuwa. Faransawa da ma sun iya haɗiye haruffa, suka yi ta cinye tsakiyar sunan har ya koma Louis, wanda a baki Luwi kawai suke cewa, s ɗin ado ne. Jamusawa suka riƙe nasu da ƙasusuwansa.

Daga nan sai ya bazu. Sifaniyawa Luis, mutanen Fotugal da Brazil Luís ko Luiz, Italiya Luigi da Ludovico, mutanen Venice kuma nasu daban Alvise, Ingila Lewis, Holan Lodewijk, Poland Ludwik, Hungary Lajos, ƙasashen Sweden da Norway Ludvig, mata kuma Louise da Luisa da Luise. In kai ɗan ƙwallo ne ai ka daɗe kana kiran sunan surukinka ba ka sani ba: Luis Suárez, Luís Figo, David Luiz, Luis Enrique, har Gianluigi Buffon, dan Gianni ne da Luigi aka haɗe. Louis van Gaal ma sunansa na takarda Aloysius, wanda shi ma wani reshe ne na sunan da ya bi ta kudancin Faransa ya sake komawa Latin, daga shi Jamusawa suka samu Alois. Lewis Hamilton mai tseren mota takwaran Ludwig van Beethoven ne, shahararren mai tsara kiɗan nan na Jamus. Ina tabbatar maka a majalisar yayanka akwai wanda ya taɓa sa rigar Suárez.

To yanzu maganar yayan naka. Kada ka ce ƙarya ya yi, dan bai yi ba. Louis na tara, sarkin Faransa, ya jagoranci yaƙin salibi zuwa Masar, ya kama Dimyaɗ a 1249, sai dai bai ji da daɗi ba dan a 1250 aka ci rundunarsa aka kama shi, aka tsare shi a gidan Ibn Luƙman da ke Mansura sai da aka biya fansa mai yawa, gidan ma yana nan har yau an mai da shi gidan tarihi. Bai daddara ba ya sake fitowa a 1270 ya nufi Tunis, a can cuta ta kashe shi. Coci ta ɗaga shi zuwa matsayin waliyyi a 1297, shi ne Saint Louis ɗin da kake ji, sunan da ke kan tsohon birnin nan na Senegal da ƴan ƙasar ke kira Ndar. To amma lura da abu biyu. Na farko, wanda ya yi wannan aiki Louis ake kiransa, kenan in gudun tarihinsa ake yi, tayin da matarka ta kawo dan a sassauta shi ne ma ya fi kusa da shi. Na biyu, shi mutum ɗaya ne a cikin miliyoyin masu sunan. Faransa kaɗai lissafin sarakunanta masu suna Louis ya kai na 18, na 14 ɗin shekara 72 ya yi a kan gado, ga Louis Pasteur da ya samo rigakafin cizon mahaukacin kare, ga Louis Braille da ya ƙirƙiro rubutun makafi. Matarka ba ta san da wani sarkin salibi a ranta ba, babanta take tunawa, mutumin da ya goya ta a kafaɗa ya kai ta makaranta.

Sai dai ba zan yi maka daɗin baki ba, ta fuskar addini maganar ba ta ƙare a nan ba. Akwai hadisin da ya ambaci Harbu, wato yaƙi, a cikin munanan sunaye, wani zai iya ɗauko shi ya ce ai ga wig nan. Ni a ganina ba ɗaya ba ne, kiran yaro yaƙi daban, kiransa gwarzon yaƙi daban, mu da muke da Mansur da Nasiru, ga sarautun Barde da Garkuwa da Mayaƙi. Kuma kasancewar suna ba Balarabe ba ba laifi ba ne a kan kansa, Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ ba asalin Larabci ba ne, Tanko da Tambaya da Delu kuwa namu ne na gida. Inda gizo ke saƙar shi ne malamai sun yi magana a kan sunan da aka san shi da waɗanda ba musulmi ba kaɗai, da yawansu ba sa son a sa wa ɗan musulmi irinsa ko da ma'anar ba ta da aibi, kuma Ludwig a yau in ka ji shi ba musulmi ne ke faɗo maka a rai ba. Wannan hukuncin ba nawa ba ne kuma ba na yayanka ba ne. Ka samu malamin da ka yarda da iliminsa, zai fi kyau wanda ya zauna a Turai ya san rayuwar waɗanda suka musulunta da danginsu, ka kai masa tambayar a cike: ga ma'anar suna, ga asalinsa, ga dalilin da ya sa ake so, kuma a matsayin suna na biyu ne a takarda ba sunan yanka ba. Kada ka je ka ce malam ya halatta in sa wa ɗana sunan sarkin salibi, dan duk wanda ka yi wa wannan tambayar ka riga ka ba shi amsa.

Ka ga na riga na faɗi shawarata a ciki. Suna biyu. Abubakar shi ne sunan da za ka yi masa huɗuba da shi, shi za a raɗa ran suna, da shi za a yanka rago, alkawarinka ga Hajiya ya cika ba ragi. Ludwig ya zo na biyu a takardar haihuwa. A Jamus wannan ba baƙon abu ba ne sam, ka duba katin shaidar abokan aikinka za ka ga da yawa suna biyu ko uku ne da su, kuma na tsakiyan sau tari na kaka ne ko na wani babba a dangi, ba wanda ke kiransu da shi sai a wasiƙar hukuma. Ita matarka ta san haka fiye da ni, shi ya sa nake zaton in ka zauna da ita a natse za ka tarar ba wai so take ta dinga ƙwala kiran Ludwig a filin wasa ba, so take sunan kada ya ɓace daga duniya tunda ba ta da ɗan'uwa namiji da zai ɗauke shi. Kuma in za a sa, a sa Ludwig ɗin yadda yake. Louis ba sunan tsohon ba ne, in kun sa shi kun ɓata wa Hajiya rai a banza kuma ba ku tuna da kowa ba.

Wani abu da ban ji ka ambata ba, kuma ya tsaya min. Matar nan ta bar addinin gidansu ta shigo naka, tana ɗauke da cikin wata takwas, ba uba, ba wa ba ƙani, dangin mijinta kuma suna can wata nahiya suna fushi a kan sunan babanta. Ka yi tunanin yadda take ji in ta fahimci cewa sunan mahaifinta ne ake kira abin ƙyama a waya. Ina fata dai ba ka fassara mata maganar yayanka kalma da kalma ba. In ka yi, to ka ba ta haƙuri yau ɗin nan, ba sai gobe ba. Musulunci bai ce ta manta da wanda ya haife ta ba.

Sai batun ofis, dan kada ku yi kuskuren da gyaransa ke da wuya. Rajistar a Standesamt ake yi, wato ofishin rajistar haihuwa da aure, asibiti kan kai rahoton haihuwar cikin mako guda, amma sunan kuna da har wata ɗaya ku bayar, kenan ba wanda zai tilasta maka rubuta suna a gadon asibiti kafin ranar bakwai. Tunda ku ma'aurata ne dole ku biyun ku amince ku sa hannu, a can ba a san uba shi kaɗai ke da ikon suna ba, ka sa wannan a lissafinka tun yanzu. Kada ku sa ƴar sandar nan da ke haɗe suna biyu, a rubuta Abubakar daban Ludwig daban, dan in an haɗe su da ita hukuma suna ɗaya take ɗaukarsu kuma haka zai yi ta jan su tare. In a rabe suke, tun watan Nuwamba na 2018 doka ta ba mutum dama ya je ya sauya jerin sunayensa, amma cire suna gaba ɗaya ko ƙara sabo sai da ƙwaƙƙwaran dalili da ɗawainiya. Sannan ka tsaya a kan rubutu ɗaya na Abubakar, wanda ke cikin takardunka, kar a rubuta Abubakar a Jamus a rubuta Abubakr ko Aboubacar a fasfon gida, yaro ya girma yana yawon rantsuwa a kotu. Zan ƙara maka da gaskiya mai ɗaci, yaron nan a can zai nemi gidan haya da aiki, kuma kai ka san yadda wasu ke yi in sun ga baƙon suna a saman takarda, suna na biyu na ƙasar ba zai cuce shi ba.

In kuma malamin da ka tambaya ya ce a bari, to kada ka dawo gida ka jefa mata a'a kawai. Ku nemi wata hanyar da tsohon zai zauna a takardar jikansa. Tun watan Mayu na 2025 dokar Jamus ta yarda yaro ya ɗauki sunan iyali biyu a haɗe, na uba da na uwa, kenan sunan gidan su matarka zai iya bin naka. Ku tambayi Standesamt ɗinku yadda abin zai kasance a naku yanayin tunda kai ɗan wata ƙasa ne.

Hajiya kuma, kuskuren da aka yi shi ne labarin ya isa kunnenta ta bakin yayanka da fassararsa. Ba sunan ne ya fi ƙona mata rai ba, tsoro take kada ɗanta ya tafi Turai ya narke, jikanta ya tashi bai san alƙibla ba, sai ga maganar Ludwig ta zo kamar shaida. Kada ka yi mata muhawara da tarihi, duk wannan dogon bayanin da na yi maka naka ne da yayanka, ita Clovis bai dame ta ba. Ka samu wanda take jin nauyinsa, ƙanin Baba ko yayarta ko limamin unguwa, ya je har ɗakinta ya zauna ya ce yaron nan sunan Baba zai sa, Abubakar, kamar yadda ya yi alkawari. Wannan ita ce jimlar farko da za ta ji. Sai ta sauko tukuna a ce akwai kuma sunan kakansa na wajen uwa da za a rubuta a takardar Turawa, saboda marainiya ce kuma ita kaɗai ce a wajen mahaifinta. Hajiya uwa ce, ta san ciwon rashin uba a gida. Kada dai ka ɓoye mata kana cewa ai ba za ta taɓa ganin fasfon ba, za ta gani, ko wani ya gani ya kai mata, a lokacin kuma maganar ta tashi daga suna ta koma yaudara.

Ka aika kuɗin rago gida a yi taron suna a can ma, a raba goro da alawa, a kira ku a bidiyo ta ga jikanta. Kuma ka roƙe ta ita ta zaɓa masa sunan da za a dinga kiransa, dan ka san ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan mijinta ba, ku ma ƴaƴan ba za ku kira ba. Abba ne ko Baffa ko Khalifa ko Sadiƙ, nata ne. Ka ga a ƙarshe ma a gidanku ba Abubakar ɗin za a ji ba balle Ludwig. Gara ma haka, dan in ƴan'uwansa na gida suka ji Ludwig ranar da kuka kawo shi hutu, kafin la'asar sun mai da shi Ludayi, kuma ba mai raba shi da wannan sunan har ya yi furfura.

Yayanka kuma kira shi kai tsaye, ba a guruf ɗin WhatsApp na gida ba inda kowa zai sa baki. Ka ce masa ka bincika, maganarsa ta sarkin gaskiya ce, ga kuma sauran labarin, sannan ka nemi ya taya ka shawo kan Hajiya tunda shi take gani kullum. In ya ƙi, kada ka ja da shi, ka wuce wajen kawu. Wata ɗaya ya rage maka ko ƙasa da haka, haihuwar fari kuma ba ta cika jiran ranar da likita ya rubuta ba, saboda haka malamin da kawun duk a cikin satin nan za ka neme su.